JARIRI BA YA KOYON ABU ƊAYA-ƊAYA: DARASI KAN YADDA WAYON YARO KE HAƊUWA



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau ba na fiƙihu ba ne, amma ya shafi duk gidan da ake jin kukan jariri a cikinsa. Ina roƙon iyaye maza musamman su daure su karanta har ƙarshe, kada su tura wa uwargida su wuce.

A gidajenmu ga yadda muke lissafin girman yaro: ya fara zama, ya yi haƙori, ya fara rarrafe, ya miƙe, ya taka, ya ce “baba”. Kowanne muna ɗaukarsa abu ne mai zaman kansa. Can daga baya kuma sai mu ce “ya yi wayo”, kamar wayon wani baƙo ne da zai yi sallama rana ɗaya bayan an gama da sauran. Da yawanmu maza wannan baƙon muke jira. Kafin ya iso, yaro na uwarsa ne, “ai bai san komai ba tukuna”.

To, masana da suka shafe shekaru suna nazarin jarirai sun gano ba haka abin yake ba. Ji da gani da motsin hannu da zama da rarrafe da harshe da sanin mutane, duk tare ake tufka su kamar igiya. Wannan zare yana riƙe wancan. Idan ɗaya ya ci gaba sai ya ja sauran, idan ɗaya ya sami matsala sai alamar ta fito a wani wurin da ba ka zata ba. Abin da muke kira wayo kuwa shi ne igiyar kanta, kuma tufkar tana farawa tun kafin ranar suna.

Duk mai karatun Alƙur'ani zai tuna aya ta 78 a Suratun Nahli, inda aka ambaci fitowar ɗan Adam daga cikin mahaifiyarsa, sannan aka jero ji da gani da zukata a wuri guda. Ba na cikin masu ɗaukar kowane sabon bincike su ce shi ne tafsirin aya, domin bincike yana canjawa, gobe wani ya zo ya gyara na yau. Na ambata ne kawai don mu lura cewa tunanin haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba baƙo ba ne a wurinmu.

Mu fara da kunne, tunda shi yake riga sauran fara aiki sosai. Ɗan tayi yana ji a watanni ukun ƙarshe na ciki, kuma muryar da ta fi isa gare shi ita ce ta uwarsa. A shekarar 1980 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Fifer, suka yi wata dabara. Suka sa wa jariran da ba su wuce kwana uku a duniya ba robar tsotso da aka haɗa da na'ura, yadda idan jariri ya yi tsotso ta wata siga zai ji muryar uwarsa, idan ya yi ta wata sigar zai ji muryar wata mata daban. Jariran suka riƙa daidaita tsotsonsu don muryar uwar ta fito. Ku lura da abin da ya haɗu a nan: kunne ya ji, ƙwaƙwalwa ta riƙe sabo, baki kuma ya yi aiki don ya samo abin da ake so. Ɗan kwana uku ke nan.

Ido shi ne mai rauni a farko. Sabon haihuwa ba ya ganin nesa, dishi-dishi yake gani, inda ya fi gani shi ne tazarar santimita 20 zuwa 30. Wannan kuwa ita ce kusan tazarar da ke tsakanin fuskarsa da fuskar uwa idan tana shayar da shi. Wato a lokaci guda yana ƙoshi, yana jin ɗumin jikinta da ƙamshinta, yana jin muryar da ya saba da ita, kuma fuskar mai muryar tana daidai inda idonsa zai iya kaiwa. Shayarwa ba cika ciki ba ce kawai, ajinsa na farko ke nan. Ƙwaƙwalwar da ake zuba wa wannan duka, a shekarar farko kaɗai girmanta yana ninkawa.

Akwai labarin wata masaniya da nake so ku sani, Esther Thelen, ta Jami'ar Indiyana a Amurka. Duk wata kaka ta san cewa idan ka riƙe sabon jariri a tsaye ƙafarsa na taɓa ƙasa, zai riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya. Wajen wata biyu sai abin ya ɓace, ba zai dawo ba sai can gaba. An daɗe ana cewa ƙwaƙwalwa ce ta girma ta danne wannan motsi. Ita Thelen sai ta lura cewa idan aka kwantar da jaririn rigingine yana ci gaba da harba ƙafa da irin wancan motsin, bai ɓace ba. Sai ta ce to ko dai nauyi ne? A watannin farko cinyoyin jariri suna tara kitse fiye da yadda suke ƙara ƙarfi. A 1984 ita da abokan aikinta suka gwada: suka tsayar da jarirai cikin ruwan ɗumi, inda ƙafa take rage nauyi, sai takun ya ƙaru. Suka ɗaura musu ɗan abu mai nauyi a ƙafa, sai takun ya ragu. Ashe abin da aka jingina wa ƙwaƙwalwa ita kaɗai, har da kitsen cinya a ciki. Daga irin wannan ne ita da abokiyar aikinta Linda Smith suka gina ra'ayin cewa ba za ka fahimci tunanin jariri ba idan ka raba shi da jikinsa da wurin da yake.

Yanzu mu zo kan hannu, domin a nan abin ya fi ba ni sha'awa.

Ɗan wata uku yana ganin abu, yana so, yana kai masa duka, amma bai iya damƙa ba tukuna. A 2002 Amy Needham da abokan aikinta suka ɗinka wa irin waɗannan jarirai safar hannu mai manne abu, irin abin nan da ake liƙe takalman yara da shi, suka manna irinsa a jikin kayan wasa. Da jariri ya kai duka sai abin ya maƙale a hannunsa, ya ɗago shi. Minti 10 a rana, na kusan mako biyu. Bayan nan, ko da an cire safar, waɗannan jarirai sun fi tsaransu kallon kaya da kai musu hannu da kai su baki. A wani gwajin da ya biyo baya a 2005, an ga jariran da suka ɗanɗani wannan damƙa sun fi gane cewa idan wani mutum ya miƙa hannu, wani abu takamaimai yake nufin ɗauka. Ka ji fa! Sai da hannunsa ya ɗauki abu, sannan ya fara fahimtar nufin hannun wani.

Wani zai ce, Malam, ta yaya aka san abin da ɗan wata uku ya fahimta, shi da ba ya magana? Tambaya ce mai kyau. Ana auna tsawon kallonsa ne. Jariri idan aka yi ta nuna masa abu ɗaya yakan gundura ya kau da kai, idan aka kawo abin da ya saɓa wa abin da ya zata sai ya tsura ido ya daɗe. Da wannan ake gane abin da yake ɗauka sabo da abin da yake ɗauka daidai.

Da wannan hanyar aka gano alaƙar zama da gani. Mu manya idan muka ga ƙwarya ta gefe ɗaya mun san tana da ɗaya gefen, ba sai mun zagaya ba. Jariri ba a haife shi da wannan ba. A 2010 Soska da Adolph da Johnson suka gwada jarirai 'yan wata huɗu da rabi zuwa bakwai da rabi, suka ga cewa waɗanda suka riga suka iya zama da kansu, suna juya abu a hannu suna kallonsa, su ne suka fi zaton abu yana da baya cikakke. Silsilar a fili take: baya ya yi ƙarfi, yaro ya zauna, hannaye biyu suka sami 'yanci tunda ba ya dogara da su, ya juya ludayi ya ga bayansa, ya mayar daga wannan hannu zuwa wancan, ya kai baki, sai ido ya koyi darasin da ba zai koya shi kaɗai ba. Saboda haka, 'yar uwa, yaron da ya zauna a tabarma yana juya murfin tukunya yana zubar da yawu a kai, karatu yake yi. Ki tabbata dai abin mai tsabta ne, ba mai kaifi ba, kuma ya fi ƙarfin ya haɗiye.

Wannan ya kawo ni kan goyo. Wasu 'yan boko suna raina shi, ni kam ban ga dalili ba. Yaron da ke baya yana jin motsin tafiyar uwarsa, yana koyon riƙe wuya, yana ganin tsakar gida da unguwa daga sama, yana jin hirar manya kusa da kunnensa. Sai dai akwai abu biyu da goyo ba ya bayarwa: hannayensa ba sa samun abin juyawa, kuma ba ya ganin fuskar mai goyonsa. Shi ya sa yake buƙatar a sauke shi a shimfiɗa masa, a zauna gabansa ido da ido. Kowanne da aikinsa.

Rarrafe kuma wani babi ne. A 1960 Eleanor Gibson da Richard Walk na Jami'ar Cornell suka ƙera wani tebur mai faifan gilashi mai kauri. Rabinsa akwai shimfiɗa manne da gilashin, ɗaya rabin kuwa shimfiɗar tana can ƙasa, sai ya zama ido yana ganin rami alhali gilashi ya rufe shi, babu abin da zai sami yaro. Daga baya Joseph Campos da abokan aikinsa suka yi shekaru suna aiki da irin wannan tebur. Abin da suka gano shi ne, tsoron faɗawa rami ba shekaru ko watanni ne kawai suke kawo shi ba. Jaririn da ya fara rarrafe jiya-jiya sau da yawa zai bi ta kan “ramin” abinsa. Bayan ya yi 'yan makonni yana rarrafe sai ya fara tsayawa a baki ya ƙi. Yawo da ƙafafunsa da hannayensa shi ya koya wa idonsa ma'anar zurfi. Wannan kuma gargaɗi ne gare mu: makonnin farko na rarrafe su ne mafi hatsari a bakin gado da matakala da bakin rijiya, domin ƙarfin zuwa ya samu, sanin hatsarin bai samu ba.

Tunda an zo nan bari in faɗi wata magana a gefe. Keken nan na koyon tafiya mai tayoyi da ake zura jariri a ciki, ba ya sa yaro ya yi saurin tafiya, kuma yana kai shi wurin da bai kamata ya kai ba da gudun da uwa ba za ta cim masa ba. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda raunukan da yake jawowa. A gidan da ake girki a ƙasa, da gawayi ko risho ko ruwan zafi a tsakar gida, sai a yi tunani.

Mu koma kan teburin, saura mafi daɗinsa. A 1985 Sorce da Emde da Campos da Klinnert suka rage zurfin ramin zuwa kusan santimita 30, yadda ɗan shekara ɗaya zai yi shakka, bai san ko ya wuce ko ya tsaya ba. Uwa tana tsaye a ɗaya gefen. Me yaron yake yi idan ya iso baki? Sai ya ɗaga kai ya dubi fuskarta. A rukunin da uwa ta nuna fuskar tsoro, cikin yara 17 babu ko ɗaya da ya tsallaka. A rukunin da ta yi fara'a, 14 cikin 19 suka wuce. Ramin ɗaya ne, idon ɗaya ne, ƙafar ɗaya ce. Fuskar uwa ce ta yanke hukunci. To a nan ina za ka ce gani ya ƙare, ina motsi ya fara, ina sanin mutane ya shigo? Ba su rabuwa.

Kuma a daidai wannan tsakanin ne, daga wajen wata bakwai zuwa tara, yaro yake fara ƙiwa. Ka miƙa hannu ya maƙale uwarsa ya fashe da kuka, sai a ce an sangarta shi. Ba sangarta ba ce. Ya kai matakin da yake bambance nasa da baƙo, yake kuma riƙe uwarsa a rai ko ba ta gabansa. Uban da ba ya zama a gida, a nan yake gane matsayinsa.

Sai harshe, kuma ina so ɗaliban tajwidi su buɗe kunne.

Duk wanda ya koyar da makharijul huruf a ƙasar Hausa ya san wahalar da muke sha da ع da ح da ض, da bambance ث da س. Haka Balarabe ko Bature idan ya zo koyon Hausa, sai ya yi ta fama bai ji bambancin “ƙafa” da “kafa” ba, ko “ɓata” da “bata”, ko “ɗaki” da “daki”. Mu kuma mamaki muke yi, ai a fili yake! Daga ina wannan ya samo asali? Daga shekarar farko ta rayuwa. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka gwada jariran da Turanci kawai ake yi a gidajensu, da sautukan harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin yammacin Kanada, wanda ɗaya daga cikin sautukan kusan irin “ƙ” ɗinmu ne. 'Yan wata 6 zuwa 8 suna jin bambancin sarai, abin da iyayensu ba sa iya ji. Zuwa wata 10 zuwa 12, mafi yawansu sun daina ji. Kunnen ya zaɓi sautukan da ake yi a gidansu ya ƙware a kansu, ya saki sauran.

Amma ba kunne kaɗai ke wannan aiki ba. Tun a 1982 Patricia Kuhl da Andrew Meltzoff suka nuna wa 'yan wata huɗu zuwa biyar fuskoki biyu, ɗaya bakinta yana yin “aa” ɗaya yana yin “ii”, aka saki sauti ɗaya daga tsakiya. Jariran suka fi kallon fuskar da bakinta ya dace da sautin. A 2012 kuma Lewkowicz da Hansen-Tift suka bi inda idon jariri yake sauka a fuskar mai magana. Ɗan wata huɗu ido yake kallo. Daga wata takwas zuwa goma, lokacin da ya shiga gwarancin “ba-ba-ba” da “da-da-da”, sai kallonsa ya koma kan baki. Wajen shekara ɗaya ya fara komawa kan ido idan harshen gidansu ake yi, amma idan baƙon harshe ne sai ya ci gaba da kallon baki. Malaminka na tajwidi da yake ce maka “dubi bakina”, abin da ka yi wa mahaifiyarka kana ɗan wata takwas yake so ka maimaita.

Yanzu ga wanda ya fi shafar zamaninmu. A 2003 Kuhl da abokan aikinta a birnin Siyatil suka ɗauki jarirai Amurkawa 'yan wata tara, aka riƙa kawo su suna zama da masu jin harshen Sinanci, ana yi musu wasa ana karanta musu littafi cikin harshen. Zama 12, kowanne minti 25, cikin kusan mako huɗu. Da aka gwada su, suna bambance sautukan Sinanci kamar jariran da aka haifa a cikin harshen. Wani rukunin aka nuna musu mutanen nan dai, da maganganun nan dai, amma ta allon talabijin. Wani rukunin kuma murya kawai aka sa musu. Waɗannan biyun ba su koyi komai ba, daidai suke da wanda bai taɓa jin harshen ba. Malamanmu na ƙira'a sun daɗe suna cewa karatu sai da talaƙƙi da mushafaha, baki da baki a gaban malami. Ashe jariri ma sharaɗinsa ke nan.

Don haka mai kunna wa ɗan wata takwas bidiyon Larabci ko Turanci a waya da niyyar ya tashi da harshen, niyyarsa mai kyau ce, amma hanyar ba ta kaiwa. Allo ba ya ganin inda yaro yake kallo, ba ya jira ya yi gwarancinsa sannan ya amsa, ba ya canja murya idan ya ga ya gaji. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na san uwa tana da aiki, ga girki ga wanki ga sana'a, waya kuma tana sa shi ya yi shiru. Ba zargi nake yi ba. Amma a san cewa shiru aka saya, ba karatu ba.

Wayar da ke hannun babba ma tana da nata. A wajen 1978 Edward Tronick ya wallafa wani gwaji mai sauƙi: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuskarta na 'yan mintuna, ba murmushi ba magana. Jaririn sai ya yi murmushi don ya dawo da ita, ya yi ƙara, ya miƙa hannu, in abin ya ƙi sai ya kau da kai ya shiga damuwa. Ku kalli fuskar mutum idan ya nutse a Facebook ko TikTok, ku gaya mini da me ta yi kama. Ba cewa nake duba saƙo sau ɗaya zai cutar da yaro ba, a gwajin ma da uwa ta dawo da fara'arta yakan huce. Abin tsoro shi ne ya zama haka fuskar take yini.

Akwai kuma al'adarmu ta kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. A babban gida na da, wannan bai cika yin illa ba, domin ga kaka ga gwaggo ga inna ga 'yan uwa, yaro ba ya rasa fuskar da za ta yi masa dariya. Yau kuwa ango da amarya su biyu ne a ɗaki da falo a birni, miji ya fita tun safe. Idan ta riƙe kunyar nan a cikin ɗakin, wa zai yi wa yaron magana? Kai kuma uba, ka tuna abin da ya faru da Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi bai yaba masa ba, ya nuna masa rashin jinƙai ne. Ɗaukar jariri da yi masa gwaranci ba ya rage girman magidanci.

Tafiya ba zan daɗe a kanta ba. Karen Adolph ta ƙirga a 2012 cewa yaro mai koyon tafiya, idan yana wasa a sake, yana yin taku sama da 2,300 a awa ɗaya, ya faɗi kusan sau 17. Kuma da ya miƙe sai hannu ya sami damar ɗauko abu ya kawo wa uwa, ita kuma sai maganarta ta canja: “kai wa Baba”, “buɗe mu gani”, “ajiye a can”. Ƙafa ta jawo masa sababbin kalmomi.

To kada wannan duka ya sa wata ta shiga auna ɗanta da na maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara lafiyayyu sama da 800 a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Zama ba tare da jingina ba, daga kusan wata 4 har zuwa 9 duk daidai ne. Tafiya shi kaɗai, daga kusan wata 8 har zuwa 17 da rabi. Kusan yara 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam, suka miƙe abinsu. Ɗan da ya taka a wata tara bai fi wanda ya taka a wata goma sha biyar ƙwaƙwalwa ba.

Inda ya kamata hankali ya tashi daban ne. Na farko, yunwa. Yaron da tamowa ta kama ba jikinsa kaɗai ke tsumburewa ba. Ba shi da kuzarin rarrafe, ba ya neman abu, ba ya gwaranci, ganin ya yi lamo sai manya su ma su rage yi masa wasa, asara ta hau kan asara. A birnin Kingston na Jamaika, a ƙarshen shekarun 1980, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka ba su ƙarin madara, wasu aka riƙa aika ma'aikaciyar lafiya gidansu duk mako tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida, wasu aka haɗa musu biyun, na tsawon shekara biyu. A ƙarshen shekara biyun, waɗanda aka haɗa wa biyun su suka fi ci gaba. Bayan shekara 20 aka sake nemo su, sai aka tarar waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin 100. Mu da muke da cibiyoyin tamowa cike da yara a Arewa da Nijar, wannan labari namu ne: a ba da abinci, wannan dole ne, a kuma zauna a yi wa yaron magana ko da bai amsa ba.

Na biyu, kunne. Tunda abubuwan a haɗe suke, matsalar ji ba a kunne take fara bayyana ba, a baki take bayyana. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne jaririn da ba ya ji shi ma yana kuka, yana dariya, yana 'yan ƙananan sautuka a watannin farko, kuma yana da kaifin ido, da ka shigo zai waiwayo don ya ga inuwarka. Sai a ce lafiyarsa ƙalau. Alamar da za a duba ita ce gwarancin nan mai maimaita gaɓa, “ba-ba”, “ma-ma”, “da-da”. Yawancin yara masu ji suna fara shi kafin wata goma. Idan an wuce nan babu shi, ko yaro ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ba ya waiwayowa idan an kira shi ta baya inda ba ya ganinka, a kai shi asibiti a nemi gwajin ji. Musamman yaron da ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko ya yi sanƙarau, domin duka biyun suna iya taɓa ji. Kada a zauna ana cewa “nauyin baki ne, babansa ma sai da ya shekara uku”. Watannin da ake jira su ne watannin da harshe yake kafuwa.

Idan kuma gwaji ya tabbatar yaron kurma ne, ƙofar harshe ba ta rufe ba. A 1991 Laura Petitto da Paula Marentette suka nuna cewa jarirai kurame da iyayensu ke yi musu maganar hannu tun suna ƙanana, su ma suna gwaranci a daidai lokacin da masu ji suke yi, sai dai da yatsu suke yin nasu, suna maimaita motsi ɗaya kamar yadda ɗan uwansu yake maimaita “ba-ba-ba”. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu da suka gada tun da daɗewa. Iyaye su nemi manyan kurame na unguwa su koya daga gare su, su fara yi wa yaron tun yana goye, tare da duk abin da likita ya ba da shawara na na'urar ji, ba sai an jira ya isa shiga makaranta ba.

Wallahu a'alam.